Mece ce lambar f da ke jikin lensin kyamara?

Mai sayen kyamara a karon farko, tambayar da ke bakinsa ita ce megafiksel nawa ce. Da wuya ka ga ya juya lensin ya karanta rubutun da ke zagaye da bakinsa, inda aka sa abu kamar 18-55mm 1:3.5-5.6 ko 50mm 1:1.8. Alhali wannan lamba ta ƙarshe, wadda masu hoto ke kira lambar f, ita ce za ta gaya maka ko kyamarar za ta yi aiki a ɗakin amarya bayan magariba, ko kuwa sai a tsakar gida da rana tsaka.

A cikin kowane lensi akwai wata kafa da siraran faifai suka kewaye. Tana buɗewa tana tsukewa kamar ƙwayar idon mutum, wadda ke faɗi a duhu ta ƙanƙance a rana. Sunanta afaca, kuma lambar f ita ce ma'aunin faɗinta. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne, ƙaramar lamba tana nufin babbar kafa, babbar lamba kuma ƙaramar kafa. Wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ba zai sha wahala a nan ba, domin lambar kaso ce. Harafin f yana wakiltar tsawon lensin, wato milimitocin nan da aka rubuta. To f/2 nusufi ne, f/4 rubu'i, f/8 kuma sumuni. Kowa ya san mai nusufi ya fi mai sumuni samu, duk da takwas ta fi biyu a ƙidaya. Lensi mai milimita 50 idan an sa shi a f/2, faɗin kafarsa milimita 25 ne. A f/8 kuwa bai wuce shida da 'yan kai ba.

Lambobin suna da jerin da suke bi: 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22. Duk matakin da ka hau, hasken da ke shiga ya ragu da rabi. Shi ya sa tazarar da ke tsakanin f/2.8 da f/5.6 ba ninki biyu ba ce kamar yadda ido zai ɗauka, ninki huɗu ce.

Ga inda maganar ta taɓa aljihu. Yawancin ƙananan kyamarorin Canon da Nikon na shekarun baya sun zo ne da lensi 18-55mm a kwali. Lambobi biyun da ke jikinsa, 3.5 da 5.6, ma'anarsu idan ka buɗe shi ya ɗauko fili mai faɗi zai kai f/3.5, amma da zarar ka jawo mutum kusa a 55mm iyakarsa f/5.6. Lensi 50mm f/1.8 kuwa, wanda yana cikin mafi araha a wurin kamfanonin biyu, hasken da yake shigarwa ya kusa ninka wancan sau goma. A wurin dina ko kamu inda fitilu ba su da ƙarfi, hoton da lensin kwali zai buƙaci shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, ta tsaya a buɗe 1/15 na daƙiƙa, wannan zai ɗauke shi a wajen 1/150. Na farko, amarya na juya kai fuskarta ta shafe. Na biyu, har zanen lallen hannunta za ka ƙirga. Don haka a ganina wanda ya tara 'yan kuɗi yana shirin canza kyamara don hotunansa na dare ba sa fita, gara ya fara canza lensi tukuna.

Aiki na biyu na lambar f shi ne wanda ya fi ɗaukar hankalin matasa: mutum ya fito tar, bayansa ya narke. Babbar kafa tana rage zurfin wurin da ke fita sosai a hoto. Da 50mm a f/1.8, idan mutum yana nesa da kai mita biyu, wurin da zai fita tsaf bai kai taƙi ɗaya ba daga gaba zuwa baya. Wayoyin zamani ma suna yin irin wannan, tun iPhone 7 Plus ta 2016 abin ya yaɗu, sai dai su manhaja ce ke lissafa inda mutum ya ƙare ta shafe sauran, shi ya sa wani lokaci take cinye gefen ɗaurin ɗankwali ko ɗan kunne.

Amma wannan daɗi yana da tarko, kuma kusan kowa sai ya faɗa. Mutum ya sayi sabon lensi, ya kafe shi a 1.8 ya ƙi motsawa. Sai abokan ango su jeru sahu uku, hoto ya fito na gaba ne kawai ke da fuska. Hoton jama'a yana son f/5.6 ko f/8, kuma a nan ne ma yawancin lensuna suka fi kaifi. Idan haske ya gaza a hakan, nan ne sauran kaya ke shigowa: filasha da za ka harba a silin ta dawo da laushi, ko sanda mai ƙafa uku idan abin da kake ɗauka ba ya motsi, kamar gini ko kayan ɗaki.

Rana ma tana da nata. A hawan sallah da hantsi, hasken da ke akwai ya dace da f/16 a shota 1/100 da ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara ke jin haske). Ka buɗe zuwa f/1.8 a wannan rana, sai shota ta nemi wajen 1/8000, ƙananan kyamarori kuwa galibi a 1/4000 suke tsayawa. Farar babbar riga da rawani sai su ƙone fat, ba aiki ba zare. Maganinsa baƙar filta da ake kira ND, wadda ake murzawa a bakin lensi. A duba faɗin bakin kafin a saya: Canon EF 50mm f/1.8 STM yana ɗaukar milimita 49, Nikon AF-S 50mm f/1.8G kuma 58.

Masu Nikon su lura da harafin ƙarshe. Tsohon 50mm f/1.8D ya fi araha, amma a kan jerin D3000 da D5000 ba ya saita fokas, wato daidaita hoto ya fito tar, da kansa, domin waɗannan kyamarori ba su da injin juya shi, sai dai ka murɗa da hannu. Kuma a ƙananan kyamarori 50mm yana matse hoto kamar 75mm ko 80mm, a ƙaramin ɗaki sai ka ja baya har bango. Mai yawan aiki a cikin gida zai fi jin daɗin 35mm f/1.8.

Lensi na biyu yana nufin cirewa da sawa, da hunturu kuwa ƙura ba ta jira. Takan zauna a kan sensa, wato farantin da hoto ke sauka a kansa a cikin kyamara, ba za ka gan ta a f/1.8 ba, sai ran da ka ɗauki sararin sama a f/16 ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Ka riƙa canza lensi a cikin ɗaki ko mota, bakin kyamara yana kallon ƙasa, ka kuma ajiye 'yar robar hura iska a jaka. Kada ka hura da baki, yawu ya fi ƙurar wuyar fita.