Jaririn da sai an tashe shi yake shan nono

Sau da yawa uwa takan kawo mana jariri asibiti tana yabonsa: "Ai wannan ba shi da rigima, sai na tashe shi yake kama nono." Ni kuwa da na ji haka sai in ce ta kwantar da shi in duba. Idan na ga shawara ta wuce mako biyu ba ta washe ba, harshe ya cika baki, cibiya ta bulluƙo, maɗiga ta yi faɗi, jiki sanyi ƙalau, kashi sai da ƙyar, kukan kuma a dishe, hankalina kan tayirod yake tafiya.

Tayirod wani ɗan nama ne a gaban wuya, shi ne yake kumbura ya zama maƙoƙo. Sinadarin da yake fitarwa ne ke gina ƙwaƙwalwa da ƙashin yaro. Cikin jarirai 2,000 zuwa 4,000 akan haifi ɗaya da matsalar ƙarancin wannan sinadari: ko naman babu shi sam, ko ya yi ƙanƙanta, ko ya maƙale a gindin harshe bai sauko mazauninsa ba. Rashin aidin a jikin mai ciki ma yana jawo ta, shi ya sa muke nacin gishiri mai aidin.

Abin da ke yaudarar iyaye, har da mu ma'aikata, shi ne yawancinsu lafiya lau ake haihuwarsu, domin sun samu sinadarin daga uwa tun suna ciki. Kafin alamu su fito, ƙwaƙwalwa ta fara cutuwa, kuma abin da ta rasa ba ya dawowa. Saboda haka ake ɗigar jini daga dunduniyar jariri kwana biyu zuwa uku da haihuwa. Inda ba a yin wannan gwaji kai tsaye, ku nema da bakinku, sunansa TSH.

Maganin ƙwaya ce ƙarama, levothyroxine. A murƙushe ta a cokali da ɗan ruwan nono, a ba shi kullum. Kada a zuba cikin kwalbar madara, don yana iya barin saura, kada kuma a haɗa lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini ko madarar waken suya. Yaron da aka fara wa cikin mako biyun farko yakan girma kamar tsaransa. Za a riƙa auna jini ana gyara adadin yayin da yake ƙara nauyi. Mafi yawa har abada za su sha, wasu kuma likita kan sake gwada su a shekara 3 ya ga ko za a daina.