Waiwaye: Yadda ɗanɗanon gishiri ya zama ƙa'ida a gidan Linux

Wani ɗalibi ya shigo shagonmu a Ƙofar Ƙaura riƙe da kwamfutarsa, ya nuna mini lambar zubin Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, mai wutsiyar "rc3", ya ce, "Malam, wannan sabuwa ce ko lalatacciya?" Na ce masa miya ce da ke kan murhu. An gama zuba kayan haɗi, saura a ɗanɗana gishiri kafin a kai wa baƙi.

Da can ba haka ake yi ba. Bayan Linus Torvalds ya fara Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, an daɗe ana tafiya da layi biyu: irin su 2.3 da 2.5 na gwaji ne, 2.2 da 2.4 kuma na aiki. Tsarin ya yi kyau a baki, amma ya ja lokaci. An saki 2.4 a Janairun 2001, ba a ga 2.6 ba sai Disambar 2003. Masu gwada layin gwaji kaɗan ne, sai gyare-gyare suka riƙa faɗawa kai tsaye cikin na aiki. A Nuwamban 2001 aka saki 2.4.15 a matsayin kammalalliya, ashe tana ɓata fayilolin mutane. Cikin 'yan kwanaki aka maye gurbinta.

Wajen 2005 aka zauna kan tsarin da ake bi har yau. Mako biyu ana karɓar sabbin abubuwa, sai a rufe ƙofa a fitar da rc1, wato zubin gwaji na farko (rc na nufin "release candidate"). Daga nan gyara kawai, kusan kowace Lahadi sabon zubi, har zuwa na bakwai, wani lokaci na takwas.

Amfaninsa ya fito fili a Maris 2021. Zubin 5.12-rc1 ya zo da kuskure a fayil ɗin da kwamfuta ke jingine bayanai idan ƙwaƙwalwarta ta cika, yana rubutu a inda bai kamata ba har ya tattake abin da ke kan faifai. Torvalds da kansa ya sauya wa zubin suna don kada kowa ya ɗauka. Ɓarnar ta tsaya kan 'yan gwaji.

Na Maris 2024 ya fi ba ni tsoro. Andres Freund, injiniya mai aiki kan manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, yana amfani da zubin gwaji na Debian, wani nau'in Linux, ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar da ake kira SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ni da na ɗora wa sabis laifi na wuce. Shi ya bi sawu har ya tarar da ɓarauniyar hanya da aka dasa da gangan cikin xz, manhajar matse fayiloli, zubi na 5.6.0 da 5.6.1, kafin ta isa ga Debian ɗin da bankuna da ma'aikatu ke dogaro da shi.

Abin da ke damuna shi ne, masu gwajin nan galibi injinansu sababbi ne, wutarsu ba ta ɗaukewa. Tsohuwar kwamfuta 'yar Kwatano da NEPA ke kashewa tana tsakar rubutu, da madannan da ke neman ƙ da ɗ da ɓ, a hannunmu suke, kuma ba kasafai rahotonsu ke isa ga masu gyaran Linux ba. Ɗalibin nan na ɗora masa rc3 a wani tsohon faifai daban, na ce ya kwashe aikin furojet ɗinsa zuwa filasha tukuna, ya rubuta duk abin da ya gani ya kawo mini ranar Asabar.