Shukokin cikin ɗaki ga mai farawa: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi mini

Kusan duk wanda ya shigo gidanmu a unguwar Madina da ke yankin Accra, babban birnin Ghana, ya ga tukwanen da ke jere a baranda, sai ya roƙi in yanka masa reshe, bayan wata biyu kuma ya dawo yana cewa shukar ta mutu, wai hannunsa ne ba shi da albarka. Ba laifin hannu ba ne. Tambayoyi iri ɗaya ake maimaita mini, daga 'yan'uwa na unguwannin Nima da Mamobi har ɗalibai masu hayar ɗaki ɗaya, shi ya sa na tara amsoshin wuri guda.

Da wace shuka zan fara?

Da moda. Ita ce mai dogayen ganyaye a tsaye kamar takubba, masu ratsi-ratsi, wata irin kuma da rawaya a gefe. Asalinta nan yankinmu ne, daga Nijeriya zuwa Kwango, kuma mutanen da sun san zaren ganyenta, wanda ake igiya da tsirkiyar baka da shi. Idan ta yi wata shida a hannunku lafiya, sai ku ƙara fotos, mai yaɗo da ganye kamar zuciya, wanda masu sayarwa ke kira moni filant, da kuma zizi, mai ganye mai sheƙi, wadda ta fito daga gabashin Afirka. Waɗannan uku sun isa. Kada ku je lambun Aburi, wanda aka buɗe tun 1890 a kan tudu mai sanyi, ku dawo kuna neman irin abin da kuka gani can domin ku ajiye a ɗakin haya mai zafi.

Ɗakina ba shi da taga. Zai yiwu?

A'a. Shuka da haske take rayuwa. Idan ba za ku iya karanta rubutu a ɗakin da tsakar rana ba sai kun kunna ƙwan lantarki, ku ajiye tukunyar a baranda.

Na sayi tukunya mai kyau amma ba ta da huji a ƙasa.

A huda ta, ko a sa shukar a robar da ke da huji sannan a zura robar a cikinta. Zuba duwatsu a gindi ba ya maye gurbin huji. Tsohon bokitin fenti da aka huda da ƙusa mai zafi ya fi tukunyar tangaran marar mafitar ruwa.

Sau nawa zan ba ta ruwa?

Wannan ce tambayar da ba na son a matsa mini in amsa da lamba, domin duk lambar da na faɗa za ta yi wa wani daidai, ta kashe shukar wani. Abin da zan iya cewa kai tsaye shi ne, mafi yawan shukokin da aka dawo mini da su a mace, yawan ruwa ne ya kashe su, ba ƙishirwa ba. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini modarta a cikin bokiti, ta ce kullum bayan sallar asuba take ba ta ruwa, ba ta taɓa fashi ba. Na kama ganye ɗaya a hankali, sai ya ciro a hannuna, gindinsa ya yi laushi, yana wari kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Ta ƙaunaci shukar da gaske, amma saiwa ma tana buƙatar iska, kuma ƙasar da kullum take jiƙe sharkaf babu iska a cikinta.

Saboda haka yatsa ne ma'auni. Ku tura shi cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. Idan kun ji danshi, ku bar ta. Ga fotos, da zarar saman ya bushe sai a ba shi, kuma a yawancin ɗakuna hakan yakan zo kusan mako-mako. Moda da zizi kuwa sai ƙasar ta bushe har ƙasa, domin moda tana ajiye ruwa a ganyenta, zizi kuma tana da wani kumburi kamar dankali a ƙarƙashin ƙasa inda take tara nata. Wannan yakan ɗauki mako biyu ko uku, wani lokaci fiye da haka.

Amma ko wannan ma ya danganta. A watan Yuni, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi a Accra, da kuma Yuli da Agusta da gari ke yini a lumshe, ƙasa ba ta saurin bushewa, kuma na sha barin moda wata guda cur ban ɗiga mata komai ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauko, tukunyar da ta saba riƙe danshi kwana goma tana iya bushewa cikin biyar. Tukunyar ƙasa tana zufa, don haka ta fi ta roba saurin bushewa. Ƙaramar tukunya ta fi babba. Wadda ke ƙarƙashin fanka ko kusa da taga ta fi wadda ke lungu. Irin ƙasar ma tana da tasiri: jar ƙasa mai laka tana riƙe ruwa kamar kwaɓaɓɓen siminti, shi ya sa nake haɗa baƙar ƙasa kashi biyu da yashin gini kashi ɗaya da ɗan dakakken gawayi. Ban da yashin bakin teku, domin gishiri ne a cikinsa.

Inda abin ya fi rikitarwa shi ne ganye ya yi rawaya, domin yawan ruwa yana kawo haka, ƙishirwa ma tana kawowa, tsufan ganye ma haka. Idan ganye ɗaya ne na can ƙasa, kada hankalinku ya tashi, tsufa ne, a cire shi kawai. Idan da yawa ne kuma ƙasar a jiƙe take, ku juye tukunyar ku duba saiwa. Lafiyayyar saiwa tana da ƙwari; ruɓaɓɓiya kuwa ta yi duhu, ta yi laushi, tana wari. A yanke ruɓaɓɓen da wuƙa mai tsabta, a bar moda ko zizi ta sha iska kwana ɗaya ko biyu a inuwa, a mayar da ita cikin sabuwar ƙasa, kada a ba ta ruwa sai bayan mako. Ba kullum take farfaɗowa ba, amma sau da yawa tana yi.

Ranar da za a ba da ruwa kuma, a zuba sosai har ya fito ta hujin, sannan a zubar da wanda ya taru a faranti. Idan ruwan rijiyar burtsatsenku yana da gishiri, za ku ga farin ɓawo a saman ƙasa da bakin tukunya. To ku riƙa tarar ruwan sama. Ruwan wanki kuwa, don Allah a daina zuba shi.

Ba za ta tara mini sauro ba?

Shuka ba ta haifar da sauro, ruwan da ya kwanta ne ke yi. Sauron da ke ɗauke da cutar shawara da zazzaɓin dengi yana son ƙananan mazubai irin farantin tukunya da kwalbar da aka tsoma reshen fotos, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai. A zubar da ruwan faranti, a canza na kwalba duk bayan kwana uku ko huɗu, a kuma goge cikinta.

Akwai wadda ke da haɗari ga yara?

Akwai, kuma yana ɓata mini rai da ba a fara yin wannan tambayar kafin a saya. Difenbakiya, mai faffaɗan ganye kore da fari-fari a tsakiya, tana ko'ina a bakin titunan Accra, kuma ruwan jikinta yana ɗauke da ƙananan allurai da ido ba ya gani. Idan yaro ya tauna, baki da harshe za su yi raɗaɗi su kumbura. Fotos da zizi ma suna da irin wannan abu, moda kuma tana sa amai idan an ci. A gidan haya da yara ke rarrafe a tsakar gida, ba naku kaɗai za ku duba ba, har na maƙwabta. A ɗora tukunya inda hannu ba ya kai. Idan tsautsayi ya faru, a wanke bakin yaron da ruwa, kuma idan an ga kumburi ko numfashi ya canza a garzaya asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

An ce tana shanye iskar ɗaki da dare, wasu kuma sun ce tana tace iska.

Ku kwana lafiya, abin da tukunya ɗaya ke shaƙa bai kai na mage ba. Batun tace iska kuwa ya samo asali ne daga gwajin hukumar NASA ta Amurka a 1989, wanda aka yi a cikin rufaffun akwatuna. A ɗaki na gaske, buɗe taga ya fi tukwane goma aiki.

Wani farin abu kamar auduga ya fito a hammatar ganye.

Ƙwaro ne mai tsotsar ruwan shuka. A jiƙa auduga da sifirit a goge shi, ko a wanke ganyen da ruwan sabulun salo marar kauri, a maimaita bayan mako, a kuma ware tukunyar daga sauran. Ƙurar hunturu ma a riƙa goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Ban da shafa man gyaɗa ko madara don ganye ya yi sheƙi.

Taki fa?

Kaɗan, sau biyu a shekara, a lokacin damina. Kashin kaji ko na tumaki sai wanda ya ruɓe ya zama kamar ƙasa. Ɗanye yana ƙona saiwa.

Zan tafi aikin Hajji, ko zan je Bawku hutun Sallah. Wa zan bar wa?

Hajiya, ki tafi hankalinki kwance. Moda da zizi ki ba su ruwa sosai kwana ɗaya kafin tafiya, ki janye su daga rana kai tsaye, za ki tarar da su yadda kika bar su ko da kin yi wata guda. Fotos ne kaɗai zai nemi a leƙa shi. Ki bar wa mutum ɗaya amanarsa, ba dukan gida ba, domin idan kowa ya wuce ya zuba masa moɗa ɗaya, ruɓaɓɓe za ki tarar. Ki nuna wa mutumin gwajin yatsa a gabanki, ki ce masa sau ɗaya a mako, ranar Juma'a.