Don Allah a daina yi wa mai jin muryoyi ihu a kunne

Da wuya mako ya wuce ba a shigo asibiti da saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ba, mutum biyar ko shida riƙe da shi, muryarsa ta dishe, ga sawun igiya a wuyan hannu. In aka tambayi me aka yi masa a gida, amsar ɗaya ce: "Ai kwana uku muka yi a kansa, har lasifika muka kara masa a kunne, abin ya ƙi fita." Wani za a tarar da auduga ko tsumma a kunnensa. Shi ya cusa da hannunsa don ya samu sauƙi, aka zare, aka ƙure sauti.

Jama'a, wannan ɗabi'a ta isa haka. Sikizofireniya, ciwon da ke sa mutum jin maganganun da babu mai yin su da zargin ana bin sa ko za a sa masa guba, yana kama kusan mutum 1 cikin 300 a duniya. Mai shi ba kurma ba ne, kunnensa lafiya lau. Matsalar tana can ciki, inda ake tace sauti.

An auna wannan da na'ura. Ana manna 'yan wayoyin EEG, wato na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa, a fatar kai, a sa mutum ya ji ƙas, ƙas, sau biyu, tsakaninsu rabin sakan. Lafiyayyar ƙwaƙwalwa tana amsa na farko da ƙarfi, na biyu kuwa ta rage amsar sosai, don ta riga ta ji. Da haka kake iya barci kusa da janareto. Tun 1982 masu bincike a Kolorado ta Amurka suka nuna cewa a wurin da yawa daga masu wannan ciwo, na biyun yana bugawa kusan kamar na farko. Rariyar ta huje. Kukan yaro, rediyo, dakan turmi, surutun mutum goma, duk suna afka masa lokaci guda, ga muryoyin da ke zaginsa daga ciki. Akwai wani gwajin kuma: a yi ta maimaita sauti iri ɗaya, sai a jefa wani daban a tsakiya. Ƙwaƙwalwar mai lafiya tana gane baƙon kafin kwatan sakan, ko da hankalinsa na wani wuri. Amsar masu wannan ciwo tana da rauni, kuma irin wannan rauni na sa wasunsu kasa bambance muryar lallashi da ta faɗa.

To a kan wannan ƙwaƙwalwar kuke kunna lasifika! Ya yi shiru ku ce raini ne, ku ƙara tsawa. Ya toshe kunne ku ce aljanin ne ke jin zafi. Ya zabura zai gudu ku kawo bulala da mari. Haba! Ɗanku ne ke jin zafin, kuma duk tsawar da kuka yi tana tabbatar masa da zarginsa cewa kun haɗe masa kai.

Mun san kun gaji. Mun san uwar da ta kwana bakwai ba ta runtsa ba, ƙauna ce ta sa ta tara masa mutane. Ba wanda ya hana addu'a, Hajiya. A yi ta da murya ƙasa-ƙasa, mutum ɗaya da ya yarda da shi, ba duka, ba turnuƙe shi da hayaƙi, kuma a haɗa da magani.

Abin yi a gida:

- A kashe rediyo da talabijin, a rage 'yan dubiya.
- Mutum ɗaya ya yi magana, gajeriyar jimla, ta gabansa. A jira amsa ko da za ta kai rabin minti.
- Ban da raɗa ko dariya a bayansa.
- Kada a yi musu da shi kan muryoyin. A ce: "Ni ban ji ba, amma na ga suna damun ka."
- A raba shi da wiwi da sauran ƙwayoyi, a kula da barcinsa.

Magunguna irin su risperidone, olanzapine da haloperidol sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin muryoyin su lafa, kada ku yanke ƙauna a kwana huɗu. In jiki ya sandare, ko hannu na rawa, ko yawu na zuba, a koma wurin likita ya gyara. Mai ƙin ƙwaya akwai allurar da ake yi duk mako biyu zuwa huɗu. Ko ya warware, ba a tsayar da magani sai likita ya ce.

Kada kuma ku sayar da akuya don neman gwajin EEG. Waɗancan gwaje-gwajen na bincike ne, likita yana gane ciwon ne ta hira da majinyaci da danginsa. EEG na yau da kullum an fi yin sa don farfaɗiya, in ya fito lafiya bai nuna aljanu ba ne.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Dawanau ta Kano, Kware ta Sakkwato da Maiduguri. In muryoyin sun fara ce masa ya kashe kansa ko ya illata wani, ko ya daina ci da sha, a ɓoye wuƙa da fiya-fiya, a kai shi a ranar, mutum biyu sun isa rakiya.