Ƙari a mara ba sunan cuta ba ne

Kwanakin nan da wuya ka murɗa rediyo bayan sallar isha'i ba ka ci karo da mai tallar maganin ƙari ba, yana jero lambar waya, yana rantsuwa cewa kwana bakwai ya isa abin ya narke ya bi fitsari. Zaurukan mata na WhatsApp ma sun ɗauka. Tallar ba ta dame ni ba kamar yadda ake furta kalmar, sai ka ce wata cuta ce guda mai suna, irin ƙyanda ko shawara.

Ƙari daga ƙara ya fito, wato abin da ya ƙaru a kan halitta. Iyakar abin da kalmar ta faɗa ke nan. In likita ya danna marar mace ya ce akwai ƙari, abin da hannunsa ya taɓa ya faɗa, bai kai ga sanin ko mene ne ba. Mara kuwa ɗaki ce mai cunkoso: mahaifa a tsakiya, gidan ƙwai biyu da bututunsu, mafitsara a gaba, ƙarshen hanji a baya, kuma kowanne na iya kumbura. Mafitsarar da fitsari ya maƙale a ciki ƙari ce a hannu. Haka mugunyar da ta taru a bututun ƙwai bayan ciwon sanyin da ba a magance ba. Shi ya sa duk macen da ba ta daina haila ba, da gwajin ciki ake fara mata ko ta ji haushi, don juna biyu ma kumburi ne, balle wanda ya zauna a bututu, mai fashewa ya zubar da jini a ciki.

Wanda masu talla ke nufi galibi shi ne faiburoid, curin tsoka da ke tsirowa a jikin mahaifa. Ba daji ba ne, kuma da wuya ƙwarai a tarar da daji a cikinsa. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2003 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na mata baƙar fata suna samunsa kafin su kai shekara 50, da yawa ba su ma san suna da shi ba. Likitoci da makonnin ciki suke kwatanta girmansa: in ya leƙo saman ƙashin mara kamar mako 12 ne, in ya kai cibiya kamar 20. Ina zargin wasu daga cikin abin da iyayenmu ke kira kwantaccen ciki, shekara biyu ba motsi ba naƙuda, shi ne wannan. Yakan motse bayan haila ta ɗauke, ko jiƙo an sha ko ba a sha ba. Ƙullin ruwan da ke fitowa a gidan ƙwai kuma, mafi yawansa cikin wata biyu zuwa uku yake ɓacewa da kansa, sai mai kwalbar magani ya karɓe yabon.

Amma akwai wanda ya fi tsaya mini a rai. An yi wa wata 'yar uwarmu fiɗa, aka fito da wata jaka kamar lemon zaƙi, aka tsaga ta, sai ga curarren gashi cikin maiƙo mai kauri, da haƙori guda. Kafin ta farfaɗo daga allurar barci an gama shari'a a barandar asibiti: jifa ne, kuma an san hannun da ya yi. Gwaggo har ta fara lissafa wa ya taɓa kitse mata kai. Sunan irin wannan ƙari damoid. Daga ƙwayoyin halittar da ke zama ƙwai yake tasowa, su kuwa suna da baiwar rikiɗa su zama fata, gashi, ƙashi ko haƙori. An fi ganinsa a 'yan mata da matan da ke kan ganiyar haihuwa, kusan kullum ba daji ba ne, haƙorin ma yakan fito ɓaro-ɓaro a hoton ƙashi. Ina son mai kwana bakwai ya faɗa mana ta inda haƙori zai bi fitsari.

Abin da ke rarrabewa shi ne hoton sikanin, wanda ke nuna daga ina abin ya taso, ruwa ne ko tsoka ko gauraye, sannan shekarun mai shi. Ƙari a gidan ƙwan matar da ta daina haila, ga kumburin ciki, ga saurin ƙoshi, ga rama, ba a jira wata uku a ga ko zai ɓace, don yana iya zama daji. Gwajin jinin CA-125, mai auna wani sinadari da yakan ƙaru in akwai dajin gidan ƙwai, wanda wasu ke yi wa kallon alƙali, yana taimakawa a nan, amma a jikin budurwa haila kaɗai tana iya ɗaga shi, haka faiburoid, haka tarin fuka na ciki.

Shi damoid ɗin, saboda nauyinsa, yakan murɗe gidan ƙwai a kan jijiyarsa har jini ya daina shiga. Ciwo ne mai zuwa farat ɗaya a gefe guda na mara, sau da yawa tare da amai. A daren ake tafiya asibiti, don sa'o'i ne tsakanin a warware gidan ƙwan da a cire shi.