Kafin a aza tubalin tashar lantarki mai aiki da kwal, me doka ta ce?

Duk bayan 'yan shekaru sai maganar kwal ta taso a Najeriya. Ga shi nan jibge a ƙarƙashin ƙasa a Enugu da Kogi da Binuwai da Gombe, me zai hana a ƙona shi a samu wuta? A da ma an yi, domin tashar Oji River da aka buɗe a 1956 da kwal ɗin Enugu take aiki. A Itobe ta jihar Kogi kuwa an daɗe ana zancen tasha mai ƙarfin megawat 1,200, har yau ba ta kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba.

Babu dokar da ta haramta gina irin wannan tasha a Najeriya. Ko Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 ba ta hana ba. Sai dai akwai ƙofofi da dole mai aikin ya bi, kuma ɗaya daga cikinsu an yi ta ne musamman domin mutanen da za a kafa musu tashar a bayan gida.

Abu na farko shi ne mallaka. Kwal ɗin da ke ƙarƙashin gonarka ba naka ba ne, ba na sarki ba ne, ba ma na gwamna ba ne. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulki ya damƙa dukkan ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, don haka daga Abuja lasisin haƙa ke fitowa. Amma Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa kamfani sharaɗi: ba zai fara aiki ba sai ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da mutanen wurin a kan abin da zai yi musu, kamar makaranta, asibiti, ruwa ko koyar da sana'a, kuma ana sake duba ta duk shekara biyar. Wannan ba kyauta ba ce, haƙƙi ne. Batun diyya kuma yana da ɗaci: idan gwamnati ta karɓi fili, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce a biya kuɗin abin da ke kansa, wato gini da shuka da itatuwa, ba kuɗin ƙasar kanta ba.

Lasisin samar da wuta ya ɗan sauya salo. Tun da aka gyara Kundin Tsarin Mulki a Maris 2023, sannan aka sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki a Yunin shekarar, jiha na iya kafa hukumarta ta ba da lasisi ga wutar da za a samar a kuma sayar a cikin iyakarta. Enugu na cikin waɗanda suka fara. Wutar da za ta shiga babban layin ƙasa kuwa tana nan a hannun NERC, hukumar tarayya mai kula da harkar lantarki.

Ƙofar da ta fi shafar talaka ita ce dokar nazarin tasirin aiki a kan muhalli, wadda aka kafa a 1992 zamanin mulkin soja, kuma har yanzu da ita ake aiki. Ta ce duk tashar da ke ƙona mai irin su kwal, mai ƙarfin da ya haura megawat 10, ba za a fara ta ba sai an yi cikakken nazari, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince. Kamfani ne ke ɗaukar ƙwararru ya biya su su rubuta rahoton, wanda hakan kaɗai ya isa mutum ya karanta shi da ido biyu.

Bayan an miƙa rahoton, sai a sanar a jarida da rediyo cewa an baje shi na kwanakin aiki 21 domin jama'a su gani su yi ƙorafi. Yawanci a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha ake ajiye shi. Littafi ne ƙato, da Turanci, cike da jadawali da taswira, yana kan tebur a wani ofishi da manomin da abin ya shafa bai taɓa shiga ba. Kwanakin nan in suka wuce ba wanda ya rubuta komai, takarda za ta nuna cewa jama'a ba su da ja. A ganina nan ne babban raunin tsarin, domin an ba mutane dama, amma ba a cikin harshen da suke ji ba.

Wanda ya samu mai karanta masa, ba sai ya bi shafi-shafi ba. Ya nemi inda aka yi bayanin toka: ina za a zuba ta, me zai hana ruwan sama ya wanke ta zuwa rafi da rijiya? Ya nemi batun ruwa, domin tashar kwal tana shan ruwa ba kaɗan ba wajen tururi da sanyaya injuna, kuma daga kogin da ake shayar da dabbobi ake noman rani za a ɗebo shi. Ya duba hayaƙi, wace na'ura za a sa ta tace shi, kuma ina iska ke kaɗa shi lokacin hunturu. Sai gidaje nawa za a tasa, zuwa ina. Ƙorafi kuma a rubuce ake yin sa, a ajiye kwafi mai hatimin karɓa.

Tarar da dokar nazarin muhallin ta tanada ga kamfanin da ya karya ta ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba. Ga aikin biliyoyi, wannan kuɗin goro ne. Abin da kamfanoni ke tsoro na gaske shi ne a soke izinin. Haka ya faru a Lamu da ke gaɓar tekun Kenya, inda aka shirya tasha mai megawat 1,050. A Yunin 2019 kotun muhalli ta ƙasar ta soke izinin aikin, saboda ba a tuntuɓi jama'a yadda ya kamata ba kuma nazarin bai cika ba. Masunta da mazauna garin ne suka kai ƙara. Daga baya bankin China da zai ba da rancen ya janye.

Kuɗi kuwa shi ne ƙofar da ba a rubuta a dokar Najeriya ba, amma ta fi sauran ƙunci. Bankin Raya Afirka ya ce ya daina zuba kuɗi a kwal tun 2019, kuma a Satumbar 2021 Shugaba Xi Jinping ya shaida wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa China ba za ta ƙara gina sababbin tashoshin kwal a ƙasashen waje ba. 'Yan bankunan da suka rage ba sa sakin ko kwabo sai sun ga izinin muhalli mara tangarɗa, da yarjejeniyar shekaru masu yawa da wanda zai sayi wutar, a kasuwar da masu samar da lantarki suka daɗe suna kukan bashin da ba a biya su ba. Shi ya sa kwal ɗin da ake haƙowa yau, kamar na Maiganga a jihar Gombe, galibi masana'antun siminti ne ke amfani da shi, domin su ne masu haƙa kuma su ne masu saye.