Tsohuwar Kyanwa Mai Yawan Shan Ruwa: A Duba Ƙodarta

Koken da ya fi zuwa mana kan tsofaffin kyanwoyi kusan iri ɗaya ne: ta rame, gashinta ya dakushe, kullum tana gindin randa tana lasar ruwa, fitsari kuma ba ƙaƙƙautawa. Masu ita sukan ce tsufa ne kawai. Sau da yawa ba tsufa ba ne kaɗai, ciwon ƙoda ne mai cin jiki a hankali, kuma yana cikin cututtukan da suka fi kama kyanwa idan ta haura shekara 10. Kusan ɗaya cikin uku na irin waɗannan kyanwoyi na ɗauke da shi.

Abin ya fi wuya ga wanda ya karɓi kyanwar da girmanta. Wata maƙwabta ne suka tashi suka bar ta, wata ta tsohuwar gida ce da Allah ya yi wa rasuwa, wata kuwa da kanta ta shigo ta zauna. Ba ka san shekarunta ba, ba ka san abin da ta ci ko ciwon da ta yi a baya ba. Likitan dabbobi zai iya kintatar shekarun ta haƙora da idanu, amma kintace ne. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya ɗauki babbar kyanwa ya kai ta a duba tun tana da lafiya, a auna nauyinta a rubuta, don a sami abin da za a gwada da shi nan gaba.

Asalin kyanwa dabbar busasshiyar ƙasa ce. Ƙodarta ta iya tattalin ruwa, tana fitar da fitsari kaɗan mai kauri, kuma lafiyayyar kyanwa ba ta cika jin ƙishirwa ba. Idan ƙoda ta fara lalacewa sai ta kasa riƙe ruwan, fitsari ya tsinke ya yawaita, kyanwar ta riƙa sha don ta cike giɓin. Abin takaicin shi ne alamun ba sa fitowa fili sai kusan kashi biyu cikin uku na aikin ƙodar ya tafi. Daga nan dattin da ya kamata ya fita ta fitsari ya taru a jini: tashin zuciya, amai, warin baki, gyambo a baki, ƙin abinci. Hawan jini ma kan biyo baya, har ya makantar da ita dare ɗaya. Idan ka ga tana karo da bango, ƙwayar idonta ta buɗe ba ta tsukewa ko a rana, kada a kwana ba a ga likita ba.

Ciwon sukari da ciwon tayirod, wata halitta da ke cikin wuyanta, mai sa kyanwa ta ci da yawa tana ramewa suna kama da wannan a ido. Gwajin jini da na fitsari ne ke rarrabe su. A jini ana duba kiriyatinin da fosforas, sinadaran da ke taruwa idan ƙoda ta kasa fitar da su, a fitsari ana duba kaurinsa, sannan likita ya faɗi matakin da ciwon yake cikin matakai 4. Asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri suna karɓar ƙananan dabbobin gida, ba shanu da tumaki kaɗai ba. Wanda ya yi nisa da su ya fara da asibitin dabbobi na jiharsa.

Ƙodar da ta lalace ba ta dawowa. Gara a ji wannan tun farko, kada wani ya sayar maka da magani da alƙawarin warkewa. Amma ana iya rage wa ciwon gudu, kuma kyanwar da aka gano nata da wuri takan yi shekaru tana ci tana wasa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Don Allah kada a ba kyanwa farasitamol, wato Panadol da danginsa. Hantarta ba ta da sinadarin da ke warware shi kamar tamu. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe ta, ko ɓari ma haɗari ne. Dasashinta zai koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. Ibufurofen da diklofenak, magungunan ciwon jiki na mutane, kuwa ƙodar suke kai wa hari kai tsaye, ga ta dama a raunane. Mutane da tausayi suke bayarwa, na sani, amma tausayin nan ya hallaka kyanwoyi da yawa. Haka maganin ƙuma da kaska na karnuka mai ɗauke da fametirin, guba ne gare ta. Ko maganin hawan jini da ake ba kyanwa, likita ne zai yanka mata adadin, ba a ɗebo na maigida a gutsura mata ba.

A gida, ruwa ne kan gaba. A ajiye shi wuri biyu ko uku, cikin kwano mai faɗi, nesa da inda take bayan gida, a canza kullum. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwanmu, kyanwa mai ciwon ƙoda na iya bushewa cikin yini guda. A sama mata inuwa mai sanyi, a riƙa taɓa dasashinta: idan ya yi danƙo maimakon santsi, ruwa ya yi ƙasa a jikinta. Likita na iya yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, wani lokaci ma ya koya wa mai ita yadda zai yi a gida.

Abinci kuma a rage fosforas da gishiri. Busasshen kifi da ƙayarsa, ƙashi, kayan ciki, madara, duk suna ɗora wa ƙoda nauyi. Ragowar miya da kilishi akwai albasa ko tafarnuwa, su kuma suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Akwai abincin gwangwani da aka haɗa musamman don masu ciwon ƙoda, irin na Royal Canin da Hill's, sai dai tsada da wuyar samu. Wanda bai da hali ya zauna da likita su tsara na gida: dafaffen nama mai romo ba gishiri ba magi, da farin ƙwai, da garin maganin da ke kama fosforas a hanji. Ba a yanke mata nama gaba ɗaya, domin kyanwa ba ta rayuwa a kan tuwo. Idan ta ƙi sabon abincin, a ɗan ɗumama shi, a cakuɗa da wanda ta saba, a bi ta sannu. Kada dai a bar ta da yunwa wai sai ta saduda. Kyanwar da ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ci, hantarta na iya shiga matsala ta daban.

Akwai wata ɗabi'a da nake so mu bari: a sa kyanwa marar lafiya a buhu a kai ta bayan gari a yar. Tsohuwar da ta saba da gida ba za ta iya farauta ba, ƙishirwa ce za ta kashe ta a wahalce. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Wanda jinya ta fi ƙarfinsa ya nemi wanda zai karɓa, ko ya faɗa wa likita gaskiyar abin da aljihunsa zai ɗauka. Akwai abin yi ko da kuɗi kaɗan ne.

Ranar da za ta daina ci da sha gaba ɗaya, amai ya ƙi tsayawa, ta kasa tashi ko ta fara farfaɗiya, ciwon ya kai ƙarshe. A nan likita zai yi maganar rage mata raɗaɗi, ko allurar da za ta sa ta cika ba wahala. Hukunci ne mai nauyi, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Yaran gida da suka shaƙu da ita a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, kada a ce ta ɓata, kada kuma a yi musu dariya idan sun yi kuka.

Kafin a kai can, a riƙa auna ta duk mako biyu a rubuta, a maimaita gwaji duk wata 3 zuwa 6. Muzuru kuwa idan yana ta nishi a wurin fitsari ba abin da ke fita, toshewa ce, a garzaya da shi a ranar.